Majalisar Dattawan Birtaniya: A Karɓe Makullin Ƙofa Daga Hannun Firaminista

A ƙarshen watan Disambar 2023, lokacin da hankalin mutane ya tafi hutun ƙarshen shekara, aka fitar da wata takarda a Landan mai ɗauke da sunayen mutanen da Liz Truss ta zaɓa a karrama saboda saukarta daga mulki. Uku daga cikinsu kujera aka ba su a Majalisar Dattawa, kujerar mutu-ka-raba. Na karanta labarin, na koma na sake lissafa kwanakin da matar ta yi tana firaminista. Kwana 49 ne. Kasafin da gwamnatinta ta gabatar ya girgiza kasuwa, darajar fam ta faɗi, 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya. Amma duk da haka al'ada ta ba ta damar ta ɗora mutum uku su riƙa sa hannu a dokokin ƙasa har ƙarshen ransu, ba tare da ko mutum ɗaya ya jefa musu ƙuri'a ba.

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da na yi maganar da wani abokina da ke bin siyasar ƙasar, ko numfashi bai ja ba ya ce, “A rushe ta kawai. Ko kuma a riƙa zaɓensu kamar kowa.” Na fahimci fushinsa, don irinsa nake ji. Sai dai na daɗe ina juya maganar, kuma ban yarda da ko ɗaya daga cikin magungunan nan biyu ba.

Ga matsayina. Aikin da wannan majalisa take yi aiki ne da ƙasar take buƙata, kuma sau da yawa ta fi Majalisar Wakilai iya shi. Abin da ya ruɓe shi ne ƙofar shiga. Mutum ɗaya ne ke riƙe da makullinta, shi ke yanke wa zai shiga, mutum nawa, kuma yaushe. A karɓe makullin nan daga hannunsa, a ƙayyade yawan kujeru, a yanka wa kowa wa'adi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Su wane ne a ciki

Majalisar Wakilai tana da kujeru 650, kowacce da mazaɓarta. Ita kuwa ta Dattawa babu dokar da ta faɗi iyakar yawanta. A 'yan shekarun nan mambobinta sun kai wajen 800, har su ɗara, yawan da in ka cire majalisar ƙasar Sin babu wani zauren doka a duniya da ya kai shi. Jajayen kujerun zauren kansu kusan rabin wannan adadi kawai suke iya ɗauka.

Mafi yawansu 'yan naɗi ne, bisa wata doka ta 1958 wadda ita ce ma ta fara buɗe wa mata ƙofa. Sarki ne ke naɗawa a takarda, amma sunan daga teburin firaminista yake fitowa. Akwai kujeru 26 na manyan limaman Cocin Ingila. Sannan akwai labarin 'yan gado, waɗanda suka shiga saboda sarautar da kakanninsu suka bar musu. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami fiye da 600 daga cikinsu, aka bar 92 a matsayin sasantawa ta ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan sai da ya haura shekara 25.

Yadda aka riƙa cike gurbin waɗannan 92 ɗin ya isa ya nuna wa mutum inda tsarin ya lalace. A 2016 wata kujerar gado ta jam'iyyar Liberal Democrat ta zama babu kowa. 'Yan takara bakwai suka fito. Masu ikon jefa ƙuri'a mutum uku ne kacal. John Thurso ya samu ƙuri'un ukun duka, ya koma majalisa, shekara guda bayan mutanen mazaɓarsa a arewacin Sikotland sun kayar da shi daga Majalisar Wakilai. Jama'a sun ce ya isa, abokai uku suka ce bai isa ba, kuma maganar abokan ce ta tsaya. Daga 2020, bayan mace ɗaya tilo da ta rage a cikinsu ta yi ritaya, duk kujerun gadon maza ne suka riƙe su.

A watan Satumbar 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin kawar da kujerun gado gaba ɗaya. Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba, don babu wata hujja ta hankali da za ta ce jinin kaka ya isa ya ba jika ikon yin doka. Amma wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Tsorona shi ne a yanke wannan reshe, a yi ta tafi, a bar saiwar tana nan daram.

Me ya sa ba za a rushe ta ba

Masu cewa a rushe suna da misalai, kuma na gaskiya ne. New Zealand ta soke majalisarta ta sama a 1950, Denmak ta bi a 1953, Suwidin ta koma majalisa ɗaya a farkon shekarun 1970. Babu wadda sama ta faɗo mata. Amma a duba yadda ake zaɓe a Denmak da Suwidin: kowace jam'iyya tana samun kujeru daidai da ƙuri'unta, don haka da wuya jam'iyya ɗaya ta yi mulki ita kaɗai, dole sai ta nemi abokan tafiya, ta saurare su. New Zealand ma daga baya, a shekarun 1990, ta koma irin wannan zaɓe, kuma cikin dalilan har da gajiyar da mutane suka yi da gwamnatocin da babu mai taka musu burki.

Birtaniya ba haka take ba. Wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. A zaɓen 2024 jam'iyyar Leba ta samu kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650. A 2019 masu ra'ayin riƙau sun samu ƙasa da kashi 44, suka tashi da kujeru 365. Ƙasar kuma ba ta da rubutaccen tsarin mulki guda ɗaya da kotu za ta ɗauko ta ce wannan doka ta saɓa masa, a soke ta. Wato firaministan da ke da rinjaye, kuma 'yan majalisarsa ke tsoron masu tsawatarwa na jam'iyya, kusan duk abin da ya ga dama zai iya mayarwa doka cikin 'yan makonni. In aka cire Majalisar Dattawa, wa ya rage da zai ce masa dakata, sake duba nan?

Ba maganar baka nake yi ba. A 2008 gwamnatin Gordon Brown ta so a ba 'yan sanda ikon tsare wanda ake zargi da ta'addanci har kwana 42 ba tare da an gurfanar da shi ba. A lokacin iyakar kwana 28 ce. An matsa wa 'yan Majalisar Wakilai lamba ta kowace fuska, ƙudurin ya tsallake da tazarar ƙuri'a 9. Da ya iso zauren Dattawa, cikin waɗanda suka miƙe suka ƙi shi har da Eliza Manningham-Buller, matar da ba ta daɗe da sauka daga shugabancin hukumar leƙen asirin cikin gida ba. Jawabinta na farko ke nan a zauren. Ka yi tunanin wannan: wadda ta yi shekaru tana farautar 'yan ta'adda, wadda ta fi kowa a ɗakin sanin haɗarin, ita ce ta tsaya ta ce ba ta ga buƙatar wannan iko ba. Babu ministan da zai iya kallon idonta ya ce ba ta san tsaro ba. A watan Oktoba dattawan suka yi watsi da shi da ƙuri'a 309 a kan 118, gwamnati ta janye.

A 2015 gwamnatin David Cameron ta so zaftare biliyoyin fam daga tallafin da ake ba ma'aikata masu ƙaramin albashi, ta hanyar wata ƙa'ida da ba ta bi doguwar muhawara ba. Dattawan suka ce a dakata. Ministoci suka fusata, aka yi ta barazanar rage musu iko. Bayan wata ɗaya ministan kuɗi George Osborne ya tashi a majalisa ya janye shirin da kansa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Alf Dubs. A 1939, yana ɗan shekara shida, aka saka shi a jirgin ƙasa daga Prague tare da wasu yaran da ake tserar da su daga 'yan Nazi. Bayan shekara 77, yana tsoho a kan jar kujera, ya kawo gyara a dokar shige da fice yana neman a karɓi yara 'yan gudun hijira 3,000 da ke gararamba a Turai babu uwa babu uba. Majalisar Wakilai ta ƙi. Dattawan suka mayar da gyaran ba tare da adadi ba, har gwamnati ta sassauto. A ƙarshe yara 480 aka karɓa. Adadin ya yi kaɗan, ya yi kaɗan sosai, amma kowane ɗaya daga cikinsu yaro ne da ya samu ɗaki da makaranta.

Waɗannan su ne labaran da jaridu ke ɗauka. Yawancin aikin kuwa ba mai jan hankali ba ne. A Majalisar Wakilai gwamnati ce ke yanka lokacin muhawara, sau da yawa a wuce sassa da dama na ƙuduri babu wanda ya tanka a kansu. A zauren Dattawa ba a yanke muhawara haka. Duk gyaran da mamba ya kawo yana da haƙƙin a saurare shi. Sai ka ga tsohon alƙali, da likita, da wata da ta yi rayuwarta a keken guragu, suna bin ƙuduri layi-layi har dare ya raba, suna tambayar minista ma'anar kalma guda. Gyare-gyare da yawa gwamnati da kanta take dawowa da su da sunanta bayan an nuna mata ramin da ta kusa faɗawa. Wanda zai rushe wannan zaure, sai ya fara gaya mana wa zai yi wannan aikin.

To, a zaɓe su mana

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Asalin mulkin jama'a shi ne wanda ke yi maka doka ka iya cire shi. Duk wanda ya ji wannan magana ta yi masa daɗi yana da gaskiya. Ita kanta dokar 1911, wadda ta karya ƙarfin dattawan, ta rubuta a gabatarwarta cewa niyya ita ce a maye gurbinsu da majalisar da ta fito daga jama'a, sai dai ba za a iya yin hakan nan take ba. Yau fiye da shekara 110 ke nan.

Amma a tuna yadda aka kai ga waccan doka. A 1909 dattawan, waɗanda galibinsu masu manyan filaye ne, suka yi fatali da kasafin ministan kuɗi David Lloyd George saboda ya ɗora wa ƙasa da dukiya haraji. Sai da aka yi babban zaɓe sau biyu a 1910, sarki kuma ya amince zai naɗa ɗaruruwan sababbin mambobi su rinjaye su in suka ci gaba da taurin kai, sannan suka sauko. Tun daga nan ba su da ta cewa a kan dokar kuɗi in ban da jinkirin wata ɗaya. Sauran dokoki kuwa jinkirta su kawai za su iya yi, shekara biyu a da, aka rage zuwa kusan shekara ɗaya a 1949. Akwai kuma al'adar da aka kafa bayan zaɓen 1945, cewa ba za su kashe ƙudurin da gwamnati ta yi wa jama'a alƙawarinsa a lokacin yaƙin neman zaɓe ba.

Me ya sa suke mutunta wannan al'ada alhali ba doka ba ce? Saboda sun san ba a zaɓe su ba. Wannan sanin shi ne linzaminsu. Na bi muhawarar ƙudurin tura masu neman mafaka Ruwanda a watan Afrilun 2024. Kotun Ƙoli ta riga ta ce ƙasar ba amintacciya ba ce ga irin waɗannan mutane, gwamnatin Rishi Sunak ta kawo dokar da za ta ce amintacciya ce. Dattawan suka yi ta mayar da ƙudurin, wakilai suna dawo musu da shi, zuwa da komowa har sau biyar. Cikin abubuwan da suka nace a kai har da keɓe 'yan Afganistan da suka yi aiki tare da sojojin Birtaniya. Daren ƙarshe, wajen tsakar dare, suka sauke makamai. A ganina dokar ba ta da kyau, kuma na so a ce sun yi nasara. Amma na yarda daidai ne da suka ja baya. Sun faɗi gaskiyarsu, sun tilasta wa gwamnati ta kare kanta a bainar jama'a, suka bar kalmar ƙarshe ga waɗanda jama'a za su iya hukuntawa. Bayan ƙasa da wata uku jama'a suka kayar da gwamnatin, wadda ta gaje ta kuma ta soke shirin.

Yanzu a ɗauka an zaɓi waɗannan mutane. Sanatan da ke da ƙuri'a dubu ɗari a bayansa, me zai sa ya ja baya a tsakar dare? Zai ce ni ma jama'a ne suka aiko ni. In kuma an zaɓe shi ta hanyar rabon kujeru daidai da ƙuri'u, zai ƙara da cewa zaurensa ya fi na wakilai kama da ƙasar, kuma ba ƙarya ya yi ba. A 1975 zaɓaɓɓiyar majalisar dattawan Ostireliya ta riƙe kuɗin gudanar da gwamnati, rikicin ya kai ga gwamna-janar ya kori firaminista Gough Whitlam daga mulki. A Italiya majalisu biyun ƙarfinsu ɗaya, ƙuduri ya yi ta shawagi tsakaninsu, firaminista Matteo Renzi ya yi yunƙurin gyara abin a 2016 ya faɗi a ƙuri'ar raba gardama, ya rasa kujerarsa.

Ga kuma tambayar da masu son zaɓe ba su cika amsawa ba: wa zai tsaya takara? Tsohuwar shugabar leƙen asiri ba za ta bi gida-gida tana roƙon ƙuri'a ba. Masanin taurari Martin Rees, wanda shi ma naɗa shi aka yi a zauren, ba zai yi ba. Tanni Grey-Thompson, wadda ta ci zinare 11 a gasar nakasassu ta duniya kuma ta zama murya mai ƙarfi kan haƙƙinsu, da wuya ta shiga layin neman tikitin jam'iyya. Zaɓe yana buƙatar kuɗi da injin jam'iyya, wanda ke riƙe da injin kuwa shi ke tsara jerin sunaye. Za a wayi gari zauren ya cika da waɗanda suka nemi kujerar wakilai suka rasa, kowa yana kallon fuskar mai tsawatarwa kafin ya ɗaga hannu. 'Yan ba-ruwanmu, wato waɗanda ba sa cikin kowace jam'iyya, da ke zaune a kujerun tsakiya, waɗanda saboda su ne babu jam'iyyar da ke da rinjaye a zauren, su ne za su fara ɓacewa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

An ma gwada, ba sau ɗaya ba. A 2007 wakilai suka kaɗa ƙuri'ar goyon bayan majalisar da za a zaɓa gaba ɗaya, maganar ta mutu a nan. A 2012 mataimakin firaminista Nick Clegg ya kawo ƙudurin zaɓen kashi 80 cikin ɗari, 'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau 91 suka yi tawaye, aka janye shi. A 2022 kwamitin Gordon Brown ya ba da shawarar zaɓaɓɓiyar majalisar yankuna. Kowane lokaci a wuri ɗaya ake cijewa: wakilai ba sa son kishiya. Illar wannan ita ce, ana ta jiran babban gyaran da ba ya zuwa, ƙananan gyare-gyaren da za a iya yi gobe da safe kuma an jingine su.

Zan amsa cewa akwai abin da hujjata ba ta share ba. Mutumin da ba a zaɓa ba yana taɓa dokar da za ta hau kanka, ko da ba shi ke da kalmar ƙarshe ba. Wannan nauyi ne, kuma abin da kawai zai sa a iya ɗaukarsa shi ne a tabbata wanda ke zaune a kujerar ya cancanta, kuma hanyar da ya bi ya shigo tsaftatacciya ce. A nan ne tsarin yanzu ya faɗi ƙasa warwas.

Ƙofar

Ba yau aka fara ba. Lloyd George ɗin nan da ya karya dattawan gado, a zamanin da yake firaminista ne aka riƙa sayar da sarautu kamar kaya a kanti, ta hannun wani dillali mai suna Maundy Gregory, har sai da aka yi dokar hana hakan a 1925. A 2006 'yan sanda suka binciki zargin ba da kujeru a madadin bashin da attajirai suka ba jam'iyyar Leba, suka yi wa Blair tambayoyi yana kan mulki, ko da yake ba a gurfanar da kowa ba.

A shekarar 2000 aka kafa hukumar tantance waɗanda za a naɗa. Da jin sunan sai ka ɗauka an magance matsalar. Amma hukumar ba doka ce ta kafa ta ba, kuma a kan sunayen da jam'iyyu suka kawo, abin da kawai take dubawa shi ne ko mutum yana da tabon da zai zubar da mutuncin majalisa. Ba ta da ikon tambayar ko ya iya aikin, ko ma yana da niyyar zuwa. Shawara take bayarwa, firaminista ya ɗauka ko ya ajiye. A Disambar 2020 ta ce ba ta goyi bayan naɗin Peter Cruddas ba, tsohon ma'ajin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau kuma ɗaya daga cikin manyan masu ba ta kuɗi. Boris Johnson ya naɗa shi duk da haka. Shi ne karo na farko da wani firaminista ya tsallake shawarar hukumar, kuma babu abin da ya biyo baya, don babu dokar da ya taka.

Ka ga illar a nan ninki biyu ce. Wanda aka ba kujera don biyayya ko don aljihunsa ya san wanda ya yi masa rana, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan ƙurarsa tana shafar kowa a zauren. Ranar da tsohon alƙali ya miƙe ya ce wannan sashe ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, minista ba ya buƙatar amsa hujjarsa. Ya isa ya nuna zauren da yatsa ya ce, ku dube su, 'yan alfarma ne da babu wanda ya zaɓa. Kowane mummunan naɗi makami ne da ake miƙa wa gwamnati don ta yi watsi da shawara mai kyau. Haka nan maganar alawus: mamba na iya karɓar sama da fam 300 a duk ranar da ya halarta, ba haraji. Ga wanda ya kwana yana karanta ƙuduri wannan ba wani abu ba ne. Amma ba a bambanta shi da wanda ya leƙo aka rubuta sunansa ya juya, jama'a kuma na biyun suke tunawa.

A 2017 wani kwamiti na majalisar kanta, ƙarƙashin Terence Burns, ya kawo shawara mai ma'ana: a tsayar da yawan a 600, sabon mamba ya yi shekara 15 ya tafi, kuma sai biyu sun fita ɗaya ya shiga har a kai adadin. Dattawan suka karɓa, da yawa suka yi ritaya bisa damar da dokar 2014 ta buɗe. Firaministar lokacin, Theresa May, ta kame hannunta wajen naɗi. Waɗanda suka biyo bayanta ba su kame ba, lissafin ya sake hawa. Darasin a bayyane yake: duk gyaran da ya dogara ga kunyar firaminista zai rayu ne iya zamanin mai kunya.

Don haka a rubuta shi a doka. Yawan kujeru kada ya kai na wakilai. Hukumar tantancewa ta samu ikon cewa a'a, a'ar da ba mai tsallakewa, kuma ta auna cancanta da niyyar aiki, ta buga dalilin naɗa kowane mutum kowa ya karanta. Kason jam'iyyu ya bi yawan ƙuri'un da suka samu a babban zaɓe, ta yadda muryar jama'a za ta shigo zauren ba tare da ta haifar da kishiyar wakilai ba, a kuma keɓe wa 'yan ba-ruwanmu aƙalla kashi ɗaya cikin biyar. Jerin sunayen sallama irin na Truss a daina shi ɗungurungum. A kuma tilasta wa hukumar ta duba taswira, don zauren ya yi nauyi sosai ta ɓangaren Landan da kewayenta. Kanada ta kama hanya mai kama da wannan: kujerun majalisar dattawanta 105 ne a ƙa'ida, a 2016 kuma aka kafa wani kwamiti mai zaman kansa da zai riƙa tace sunaye, har ɗan ƙasa na iya neman kujerar da kansa. Rauninsa shi ne ba a ɗaure shi da doka ba, firaministan da ya ga dama zai iya ture shi.

Za a ce to wa zai naɗa ita hukumar? Tambaya ce mai kyau. Ƙasar ta riga ta amsa irinta a kan alƙalai: tun bayan dokar 2005 hukuma ce ke zaɓo su, an rage hannun minista ƙwarai, kuma ba a ji kotuna sun lalace ba. Ba za a rasa son kai ba ko a can, amma son kan mutum goma sha da ke aiki a fili bisa ƙa'ida ya fi sauƙin kamawa a kan na mutum ɗaya da ke biyan bashin siyasa a ranar da yake kwashe kayansa.

Limaman coci 26 kuwa, ina girmama da yawa daga cikinsu, sun sha tsayawa wa talaka da baƙo a muhawara. Amma cocin nan ta Ingila ce kaɗai, ba ta Sikotland ko Wales ko Ireland ta Arewa ba, dokokin da suke taɓawa kuwa na kowa ne. Malamin addini da ya cancanta ya shigo ta ƙofar da kowa ke bi, kamar yadda babban malamin Yahudawa Jonathan Sacks ya shiga a 2009.

Saura maganar shekaru. Jam'iyyar Leba ta yi alƙawari a 2024 cewa za ta sa mambobi su riƙa ritaya in sun kai 80. Niyyar mai kyau ce, amma ma'aunin bai dace ba. Alf Dubs ya haura 80 lokacin da ya kawo gyaran yaran nan, da wannan ƙa'ida tana aiki da wataƙila ba ya zauren. A ɗaya gefen, a 2023 Johnson ya saka tsohuwar mai ba shi shawara, Charlotte Owen, a jerin sallamarsa tana da shekara 30. Ba ina tuhumarta ba ne, ta ma ɗauki batun hotunan batsa na bogi da ake haɗa wa mata ta yi aiki a kansa da gaske. Amma ƙa'idar shekara 80 za ta bar ta a kujerar har wajen 2073, shekara 50 cur, bisa sa hannun mutumin da ya bar ofis tun 2022. Wa'adin shekara 15 da ba a sabuntawa zai ba ta lokacin da za ta yi aikinta ba tare da tsoron kowa ba, ta tashi tana da shekara 45, wani ya zauna.